Ƙullutun ruwa a ƙoda: a san irinsa kafin a ɗora tukunyar sassaƙe

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini, mu da muke aikin kula da masu ciwon ƙoda, domin mu yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya. Tun da na'urar sikanin ta yawaita a garuruwanmu, mutane da yawa suna fitowa daga wurin ɗaukar hoton ciki da takarda a hannu, an rubuta musu cewa akwai ƙullutun ruwa a ƙodarsu. Mutum ya je ne saboda gyambon ciki ko ciwon baya, sai ya koma gida da labarin ƙoda. Kafin ya kai takardar wurin likita, maƙwabci ya riga ya kawo masa galan ɗin jiƙo, ɗan'uwa kuma ya turo masa bidiyon wani mai magani a WhatsApp yana rantsuwa cewa cikin kwana 40 zai narkar da shi. Sau da yawa ƙullutun ba ya cutar da kowa. Abin da aka ɗura wa ƙodar domin a narkar da shi ne ke kai mutum gadon wankin ƙoda.

Ƙodar babban mutum tsawonta santimita 10 zuwa 12 ne, kuma a cikin kowace akwai 'yan ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya, kowace matata da siririn bututunta. Ruwa kusan lita 180 suke tacewa daga jini a kullum, su mayar wa jiki kusan duka, su bar lita ɗaya da rabi ta fita a matsayin fitsari. Ƙullutu yana farawa ne idan bangon ɗaya daga cikin waɗannan bututu ya bunƙuro waje. Yana ɗan girma sai ya tsinke daga bututun, ya zama jaka mai zaman kanta, kamar salkar da aka ɗaure wa baki. Fatar cikinsa ce ke tsattsafo ruwan da ke cika shi, kuma ba shi da ƙofar da ta haɗa shi da hanyar fitsari. Don haka duk ganyen da ke sa mutum yawan fitsari, ruwan jikinsa yake kwashewa, ruwan da ke cikin jakar yana nan yadda yake. Mai shan jiƙon ya ga yana ta zirga-zirga banɗaki, ya ce ciwo ne ke fita, alhali jikinsa ne ke bushewa.

Akwai kuma wani ruɗi da ke sa a yaba wa maganin da bai yi komai ba. Awon sikanin ya danganta da hannun mai ɗauka, da kusurwar da ya ɗora na'urar, da numfashin da mara lafiya ya riƙe. Ƙullutu ɗaya, a rana ɗaya, wani zai auna shi santimita 4.2, wani ya samu 3.8. Idan aka yi hoton farko a wani wuri, aka sha magani wata guda, aka yi na biyu a wani wurin, wannan ɗan bambancin ne ake ɗagawa a ce ga shaida.

Ƙullutun da aka fi gani shi ne wanda ake rubutawa "simple cyst" a takardar hoto: guda ɗaya ko biyu, zagayayye, bangonsa siriri, ruwan cikinsa garau. Abokin furfura ne. Cikin waɗanda suka haura shekara 50, kusan rabi suna da aƙalla ɗaya, kuma mafi yawansu har su koma ga Mahaliccinsu ba su san da shi ba. Ba ya rage aikin ƙoda, ba ya buƙatar magani, na asibiti ko na gargajiya. Sai idan ya yi girman da yake danne wani abu, ya kawo ciwon kwiɓi mai naci ko ya tare hanyar fitsari, sannan ake taɓa shi. Hanya biyu ce. Ko a soka siririyar allura ana kallo ta sikanin, a zuƙe ruwan, a zuba wani sinadari da zai ƙona fatar cikin jakar, domin idan zuƙewa kawai aka yi ruwan yakan dawo. Ko kuma a yi aikin ƙananan huji a ciki, a yanke rufin jakar gaba ɗaya.

Nau'in ƙullutu na biyu shi ne mai garwaye: bangonsa ya yi kauri, ko akwai shinge-shinge a cikinsa, ko ƙashi-ƙashi, ko wata tsoka ta tsiro a ciki. Likitoci suna auna haɗarinsa da ma'aunin Bosniak, wanda wani likitan hoto ɗan Amurka, Morton Bosniak, ya fitar a 1986. Mataki na I da na II ba abin damuwa ba ne. Na IIF ana bibiyarsa da hoto lokaci-lokaci. A mataki na III kusan rabi kansa ce, a na IV kuwa mafi yawa kansa ce. Sikanin ɗin unguwa ba ya iya raba waɗannan, sai an yi babban hoton asibiti na CT ko MRI tare da allurar ruwan da ke fito da hoton sarai. Kansar ƙoda idan aka kama ta tana cikin ƙodar, tiyata na warkar da ita. Wata shidan da aka ɓata ana shan sassaƙe na iya zama lokacin da za ta tsallaka huhu ko ƙashi. A yankunan kiwo kuma akwai ƙullutun tsutsa, wanda ake ɗauka daga kashin karen da ya ci kayan cikin tumaki masu cutar. Ya fi kama hanta da huhu, amma yakan sauka a ƙoda, kuma soka masa allura ba tare da shiri ba haɗari ne.

Wanda ya fi ɗaga mana hankali shi ne na gado, wato ƙoda mai ƙullutai barkatai. A duniya ana ƙiyasta mutum ɗaya cikin 400 zuwa 1,000 yana ɗauke da shi. Idan uba ko uwa na da shi, kowane ɗa ko 'ya yana da rabin yiwuwar gado, namiji ko mace duk ɗaya, kuma ba ya tsallake wani ƙarni ya faɗa wa na gaba. Ƙullutai ɗaruruwa ne ke tsirowa a ƙoda biyun, suna girma a hankali, suna murƙushe naman ƙoda mai kyau, har ƙodar da ba ta wuce dunƙulen hannu ba ta cika ciki. Kusan rabin masu shi ƙodarsu takan gaza kafin su kai shekara 60. Abin da ya kan fara bayyana shi ne hawan jini tun mutum yana shekara 20 ko 30 da wani abu, lokacin da gwajin jini bai nuna komai ba tukuna. Daga baya sai ciwon kwiɓi, fitsarin jini, tsakuwar ƙoda, da ƙullutai a hanta. A gidaje da yawa idan aka tona, za a ji kaka ya rasu da kumburin jiki, baffa ya rasu ana masa wankin ƙoda, gwaggo tana fama da hawan jini tun tana amarya, kuma duk an jingina abin ga sammu ko iska. Ga wanda ke da shi a dangi, alƙaluman da ake bi a sikanin su ne: daga shekara 15 zuwa 39, ƙullutu 3 a ƙoda ɗaya ko duka biyun; daga 40 zuwa 59, aƙalla 2 a kowace ƙoda; daga 60 zuwa sama, aƙalla 4 a kowace. Wannan nau'in ba auren zumunci ke kawo shi ba. Amma akwai wani nau'i na jarirai, wanda ba kasafai ake ganinsa ba, da sai uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar halittarsa, shi kam auren dangi yana ƙara yiwuwarsa.

To ina matsayin maganin gargajiya a nan? Ba mu raina itatuwa ba. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa yau a kowane asibiti daga wani ganye na ƙasar Sin aka samo shi, kuma Tu Youyou, matar da ta jagoranci binciken, ta samu kyautar Nobel a 2015. A nan gida cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta samar da Niprisan na masu sikila daga haɗin gargajiya mai ɗauke da masoro da kanumfari da karan dafi. Amma waɗannan an auna su, an gwada su, an san adadinsu. Babu wani ganye ko saiwa ko sassaƙe da gwaji a kan mutane ya tabbatar yana narkar da ƙullutun ƙoda. Wasu kuma an tabbatar suna kashe ƙodar.

Mafi muni shi ne dangin tsiron da ake kira Aristolochia, wanda duman dutse da ake sayar da saiwarsa a kasuwanninmu yana cikinsu. Tsakanin 1990 da 1992, a wani wurin rage ƙiba a birnin Brussels na Beljiyam, an yi kuskuren sa wani ɗan wannan dangi a cikin ƙwayoyin da ake ba mata. Fiye da mata 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa suka koma wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma kansar hanyar fitsari ta biyo baya. Gubar da ke cikinsa takan maye naman ƙoda da tabo a hankali, ba ciwo, ba alama, kuma ko an daina sha ɓarnar ba ta komawa baya. Wanda aka miƙa wa gari a ƙullin leda ba shi da hanyar sanin ko akwai wannan saiwa a ciki.

Sai kanwa. Jar kanwa ko ungurnu, sinadarin sodiyam ne ya cika su, shi ne dai na cikin gishiri mai riƙe ruwa a jiki ya ɗaga jini. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan shan kunun kanwa da wankan ruwan zafi. Jiƙon da aka ce a jefa masa kanwa a sha safe da yamma, ga mai ƙullutan gado, tamkar zuba fetur ne a wuta. Haka saiwar irƙus-sus, wadda ake jiƙawa a sha lokacin azumi a Sudan da Masar, kuma take shigowa cikin haɗe-haɗen shagunan magungunan Musulunci: tana ɗaga jini, tana zubar da sinadarin fotasiyam, wanda ƙarancinsa da yawansa duk ke cutar da zuciya.

Maganin wankin ciki, irin su filasko da sanamaki, ta wata hanyar suke ɓarna, kuma ya kamata a fahimci yadda abin ke faruwa. Ɗauki mai hawan jini da ke shan lisinopril ko losartan, magunguna masu kyau da ke kare ƙoda ta hanyar sassauta jijiyar da jini ke fita daga matata. Ya sha jiƙo, gudawa ta kama shi kwana biyu, ruwan jikinsa ya ragu. Kwiɓinsa ya ɗauki ciwo, ya aika yaro kyamis aka sayo masa diclofenac ko ibuprofen ko felbin, waɗanda suke matse jijiyar da jini ke shiga matatar. Mashiga ta ƙuntata, mafita ta buɗe, jinin kansa ya yi kaɗan, sai tacewa ta tsaya cak. Cikin kwana uku fitsari ya ɗauke, amai da shaƙuwa su fara. An kuma sha samun kwalaben da ake tallatawa da sunan zallar itace an niƙa musu irin waɗannan ƙwayoyin kashe ciwo a ciki, shi ya sa mai sha yake jin daɗin jikinsa tun daren farko.

Ko ganye mai albarka yana iya zama matsala idan aikin ƙoda ya yi ƙasa. Zogale, alayyafo, dabino, ayaba, lemo da ruwan kwakwa duk suna da fotasiyam mai yawa. Ƙoda mai lafiya tana fitar da shi ba wahala. Wadda ta gaji ba ta iyawa, sai ya taru a jini. A gwajin jini, daidai shi ne 3.5 zuwa 5.0; idan ya haura 6 yana iya tsayar da zuciya ba tare da gargaɗi ba. Cin kwaɗon zogale daban, shan cokali uku na garinsa kullum a matsayin magani daban. Zoɓo kuwa gaskiya ne bincike ya nuna yana ɗan sauke hawan jini, kuma kofi ɗaya ko biyu maras sukari ba laifi ga mai ƙoda lafiyayya, amma ba ya maye gurbin ƙwaya, ba ya kuma taɓa ƙullutu. Habbatussauda muna girmama abin da ya zo a kanta a hadisi. Hadisi ne kuma ya umarce mu da neman magani, kuma ɗan abin da mutum zai ci a abinci ko da zuma bai hana shi zuwa asibiti ba. Abin da muke jan kunne a kai shi ne kwankwaɗar man da ba a san da me aka haɗa shi ba, da ajiye maganin hawan jini saboda shi.

Ga abin da ke aiki, kuma mafi yawansa a gida ake yin sa. Na farko ruwa. Idan jiki ya bushe, ƙwaƙwalwa tana sakin wani sinadari mai suna basofiresin domin ƙoda ta riƙe ruwa, kuma shi ne yake zuga ƙullutan gado su girma. Maganin tolvaptan da Amurka ta amince da shi domin ƙullutan gado a 2018 wannan sinadari yake tarewa, sai dai yana da tsada, yana sa fitsari mai yawan gaske, kuma sai ana gwajin hanta a kai a kai. Ruwa shi ne hanya mai arha ta rage sinadarin, kuma yana hana tsakuwa: lita 2.5 zuwa 3 a rana, wato ledar fiya wata 5 zuwa 6, a rarraba daga asuba zuwa kwanciya, a ƙara a zafin bazara. Alamar an sha isasshe ita ce fitsari ya yi fari-fari. Amma wanda ƙafafunsa suka kumbura, ko yake da ciwon zuciya, ko aikin ƙodarsa ya faɗi sosai, likita ne zai yanke masa adadi. Maganar azumi ma a tattauna ta da likita tun cikin Sha'aban.

Gishiri kada ya wuce giram 5 a rana, ƙaramin cokalin shayi ɗaya ke nan, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, ga yajin tsire, ga kilishi, ga taliyar leda da sinadarinta, ga kanwar da ke cikin miyar kuɓewa da ɗanwake. Uwargida ta rage a hankali cikin mako biyu ko uku, ta ƙara albasa, tafarnuwa, citta da daddawa, harshe zai saba. A guji gishirin da ake sayarwa da sunan na masu hawan jini, domin fotasiyam ne a cikinsa. Awon jini ya tsaya ƙasa da 130 bisa 80, a riƙa aunawa a zaune bayan hutun minti 5, a rubuta a littafi. Mace mai shan lisinopril ko losartan ta sanar da likita kafin ta ɗauki ciki, don suna cutar da ɗan tayi. Ciwo kuwa farasitamol ya isa. Taba a bar ta, goro da kofi a yi su daidai.

Gwaji uku ne ginshiƙi, aƙalla sau ɗaya a shekara ga mai na gado: na jini da ke auna kiriyatinin (dattin da ƙoda ke fitarwa daga jini) da fotasiyam, na fitsari da ke neman furotin da jini, sai hoto idan likita ya buƙata. A tambayi lambar eGFR, ita ce ke nuna yawan aikin da ya rage wa ƙoda. Ƙasa da 60 na tsawon wata uku ciwon ƙoda ne, ƙasa da 30 ya yi nisa, ƙasa da 15 an kusa wanki ko dashe. Kada a ruɗu da jin ƙarfin jiki, mutum na iya rasa rabin aikin ƙodarsa yana noma gonarsa lafiya lau. Kuma akwai alamun da ba a kwana da su a gida: zazzaɓi tare da ciwon kwiɓi, domin mai yiwuwa ƙullutu ya ruɓe ne, kuma ba kowane maganin ƙwayoyin cuta ke ratsa bangonsa ba, fitsarin jini mai guda-guda ko wanda ya wuce 'yan kwanaki, raguwar fitsari da kumburin fuska, da ciwon kai mai tsanani da ya sauko farat ɗaya, saboda wasu masu na gado suna da kumburin jijiya a ƙwaƙwalwa.

Mun san akwai waɗanda duk abin da aka faɗa sai sun sha. To mai ƙullutan gado, da mai ƙoda ɗaya, da mai ciwon suga, da duk wanda lambarsa ta gaza 60, don Allah kada ya kusanci haɗin da bai san abin da ke ciki ba. Sauran kuma su faɗa wa likita gaskiya, su zo da kwalbar ko ƙullin a hannu, a yi gwajin jini kafin a fara da bayan mako biyu, kuma da zarar gudawa ko amai ya fara a tsaya. Mu ma ma'aikatan asibiti da laifinmu: tsawar da ake daka wa mara lafiya idan ya ambaci jiƙo ita ke sa ya ɓoye, sai a yi ta lalube cikin duhu.

Ga iyayenmu masu maganin gargajiya na gaskiya, waɗanda suka gaji sana'ar kuma suke tsoron Allah a cikinta, roƙonmu kaɗan ne. Duk wanda ya zo muku da takardar ƙoda, ku tambaye shi sakamakon gwajin jininsa, ku tambaye shi ko akwai mai irin ciwon a danginsu, kuma kada ku ce ya ajiye ƙwayar hawan jini. Ku cire duman dutse da kanwa daga duk abin da za a sha. Iyalin da ke da na gado kuma su zauna su yi magana a fili, manyan 'ya'ya su fara awon jini tun yanzu. Ana dashen ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tun 2002, amma ɗan'uwan da zai ba da tasa sai an tabbatar shi ma bai gada ba, kuma hoto mai kyau a ƙuruciya bai isa ya wanke shi ba.

Ku kuma 'yan jarida, ku da gidajen rediyo, akwai naku kason. Lambar NAFDAC mai harafin L a ƙarshe, wadda ake ba magungunan gargajiya, tana nufin an duba ba a ga illa ta kusa ba. Ba shaida ba ce cewa maganin yana warkar da abin da ake faɗa, kuma hukumar da kanta ta wajabta a rubuta a jikin kwalba cewa ba ta tantance iƙirarin ba. Muna roƙon duk wanda ya kawo muku tallan maganin narkar da ƙullutun ƙoda ku nemi ya nuna izinin talla daga hukumar, ya faɗi sunan kowane itace da ke ciki, sannan ku ba likitan ƙoda fili a shafi ɗaya da tallan.

Wassalam.

Daga wasu likitoci da masu harhaɗa magunguna,
Kano.